Doguwar tafiya a jirgin sama da ƙaramin yaro: wane tikiti ya kamata a saya?

Duk mai shirin doguwar tafiya a jirgin sama tare da yaron da bai daɗe da fara tatata ba, wato ɗan shekara ɗaya zuwa uku, ya sani cewa sauƙin tafiyar ko wahalarta tun daga ranar sayen tikiti suke farawa. Yaro a wannan ƙadami ya wuce jaririn da zai yi ta barci a hannu, bai kuma kai wanda za a lallasa da magana ya zauna awa goma wuri guda ba.

Idan akwai jirgin da ke zuwa kai tsaye, kuma aljihu zai ɗauka, shi ya fi, domin sau ɗaya za a bi layin bincike, sau ɗaya kuma za a sauka, ga shi lokacin sauka ne kunnen yaro ya fi ciwo saboda sauyin matsin iska. Sai dai idan tafiyar ta haura awa 12, yada zango yana da nasa amfanin, tunda yaro zai taka ƙasa, ya yi guje-gujensa, a kuma canza masa ƙunzugu a wuri mai yalwa maimakon matsattsen bayin jirgi.

Inda canjin jirgi ya zama dole, a sayi tafiyar duka a tikiti ɗaya. Tikiti biyu daga kamfanoni daban-daban kan yi araha a intanet, amma arahar ba ta kai haɗarinta ba: idan jirgin farko ya makara, kamfani na biyu ba ruwansa, kuma sau da yawa sai an wuce jami'an shige da fice an ɗauko akwatuna an sake auna su, ga yaro a kafaɗa. A tikiti ɗaya kuwa, kaya kan wuce da kansu har ƙarshen tafiya, kamfanin ne kuma ke da alhakin nemo wani jirgi idan aka rasa na biyu. A kuma bincika batun biza kafin a biya, domin a Amurka ko wucewa kawai mutum zai yi sai ya bi ta shige da fice da izinin shiga ƙasar, Birtaniya da ƙasashen Turai na yankin Schengen kuma suna neman bizar wucewa daga 'yan wasu ƙasashe ko da ba za su fita daga filin jirgi ba, kuma dokar ta haɗa da yaron.

A ganina, zangon awa biyu da rabi zuwa huɗu ne daidai. Tikitin da ya ba da awa ɗaya an auna shi ne da saurin babba mai jaka guda, ba da saurin uwar da ke riƙe da yaro mai barci ba. Wanda ya kai awa takwas kuma yana cinye haƙurin kowa, sai fa idan za a kama ɗaki a kwana. Filayen Doha, Singapore da Amsterdam suna da wuraren wasan yara, a Dubai kuma ana ba da aron keken tura yaro kyauta, abin da ke da muhimmanci ganin cewa keken da aka miƙa a ƙofar jirgi ba kullum ake dawo da shi a wurin zango ba.

Babbar magana ita ce kujera. Yaron da bai cika shekara 2 ba an yarda ya zauna a cinyar babba, kuma a tafiyar ƙasa da ƙasa yawancin kamfanoni suna karɓar kusan kashi 10 cikin 100 na kuɗin babba, ban da haraji. Da zarar ya cika 2, kujerarsa ta zama dole, ko da a tsakiyar tafiya ranar haihuwar ta riske shi, saboda haka a duba ranar dawowa sosai. Wannan rangwame yana jan hankali, amma mai saye ya hango kansa a cikin dare, an kawo abinci, yaro mai kilo 11 ya miƙe a kan cinyarsa, teburin gaba ya ƙi buɗuwa, hannu ɗaya ya sage, ga sauran awa shida. Ga kuma batun tsaro: hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, FAA, ta daɗe tana cewa hannun babba ba ya iya riƙe yaro idan jirgi ya faɗa mummunar gargadar iska. A watan Mayun 2024, irin wannan gargada ta kama jirgin Singapore Airlines da ya taso daga Landan, mutum ɗaya ya rasu, da dama suka jikkata. Idan akwai wuri ɗaya da ya cancanci ƙarin kuɗi a wannan tafiya, to kujerar yaro ce, ko da kuwa za a haƙura da wani jin daɗin don a same ta.

Wanda ya sayi kujerar yana da zaɓi biyu na ɗaure yaro. Kujerar mota mai takardar amincewar amfani a jirgi ta fi daɗin barci, tunda yaron ya saba da ita, amma tana da nauyin ɗauka a wurin zango, kuma galibi gefen taga ake sa ta. Ɗamarar CARES, wato igiyar tsaro da ake ɗaurawa a kujerar jirgi domin yara masu kilo 10 zuwa 20, tana shiga jakar hannu, sai dai ba ta tallafe kai idan barci ya zo. Kowacce aka zaɓa, a tambayi kamfanin kowane jirgi tun da wuri, domin dokokinsu sun bambanta.

Kada a ruɗu da layin gaba inda ake maƙala gadon jarirai a bango. Iyakar nauyin gadon a yawancin kamfanoni tana tsakanin kilo 10 da 14, yaro mai tafiya kuma tsayinsa kan wuce gadon. Hannun kujerun wannan layi sau da yawa ba ya ɗagawa, don haka yaro ba zai miƙe a jikin mahaifiyarsa ba, jakar kayansa kuma dole ta hau sama lokacin tashi da sauka. Layi na yau da kullum, yaro a taga, babba a gefensa, ya fi amfani.

Abincin yara kan buƙaci a nema aƙalla awa 24 kafin tashi, a kowane jirgi daban. Madara da abincin jarirai ba sa cikin ƙa'idar da ta taƙaita kayan ruwa a jakar hannu zuwa mililita 100 a kowace kwalba a yawancin filaye, muddin an nuna su a wurin bincike. Idan kuma ɗaya daga cikin iyayen ne kaɗai zai yi tafiyar, ya riƙe takardar haihuwar yaron da rubutacciyar amincewar ɗayan, domin akwai ƙasashen da ke tambaya a bakin iyaka.