Sharhi: na kai ƙuguna wurin masu gyaran ƙashin baya da hannu

Gyaran ƙashin baya da hannu, wanda masu yin sa ake kiransu kairofirakta, ya yi mini amfani, amma amfaninsa bai kai rabin abin da ake tallatawa a Facebook ba. Na faɗi wannan da fari ne saboda yawan waɗanda ke tambayata tun da suka ga na daina sallah a kan kujera.

Matsalata a ƙugu take. Aikina na zaman ofis ne a Abuja, ga kuma tuƙi zuwa Zariya duk ƙarshen mako. A hankali ruku'u ya fara yi mini wuya, zaman tahiya ya gagara, sannan wani zafi ya riƙa taso mini daga kwankwaso yana bin bayan cinyar dama, wani lokaci har da minjirya a tafin ƙafa. Na sha diclofenac har cikina ya fara ƙorafi. Na yi ƙaho wurin wanzaminmu, na ji sakayau, amma bai daɗe ba. Hoton MRI da likitan ƙashi ya sa na yi ya nuna ɗaya daga cikin faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan ƙugu, wajen da suke kira L4 da L5, ya ɗan bulluƙo yana taɓa jijiya. Ya ce abin bai kai na tiyata ba. Da wannan takardar na je wurin mai gyaran ƙashin bayan.

Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne mutumin bai yi gaggawar taɓa ni ba. Ya karanta sakamakon hoton, sannan ya jero tambayoyi. Ina riƙe fitsari da bayan gida? Akwai sagewa a tsakanin cinyoyi? Na rame ba dalili, ko ina zazzaɓi da gumin dare? Na taɓa tarin fuka? Ina da sikila? Ya sa na yi tafiya a kan diddige, na dawo a kan yatsu, ya kwantar da ni rigingine ya ɗaga ƙafar dama a miƙe har na ce masa tsaya. Ya ce, "Malam, da ka amsa e a ɗaya daga cikin tambayoyin nan, da asibiti zan mayar da kai yau ɗin nan." Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasarmu, inda tarin fuka kan shiga ƙashin baya ya ci shi. Wanda ya danne irin wannan bayan da ƙarfi zai iya gurgunta mutum.

Aikin kansa ba ya ɗaukar lokaci. Gadon siriri ne, mai rami inda ake sa fuska. Yakan fara da tausa, yana bin naman da ke gefen gadon baya da babban yatsa har ya sami inda ya ƙulle. Daga nan sai ya juya ni a kan gefe, ya naɗe gwiwar da ke sama, hannu ɗaya a kafaɗata, ɗayan a kwankwaso, ya ce in saki numfashi. Kafin in ankara ya murɗa da sauri, sai na ji ƙas! Babu zafi, sai dai firgita. Da na sauko, na sunkuya hannuna ya wuce gwiwa, abin da na daɗe ban iya ba. Washegari kuwa na tashi da tsamin jiki kamar wanda ya yini yana huɗa, ya riga ya gaya mini hakan zai faru, kuma ya wuce da kansa.

Wannan ƙarar ita ce jarin masu tallan sana'ar, kuma a nan ake yaudarar mutane. Ba ƙashi ne ya goce ya koma mazauninsa ba. Iska ce ke taruwa a cikin ruwan da ke tsakanin gaɓa idan aka buɗe ta farat ɗaya, irin wadda kake ji in ka ja yatsanka. Da na tambaye shi bai musa ba, kuma hakan ya ƙara masa daraja a idona.

Inda muka saɓa shi ne wata takarda da ke manne a bangon ɗakin jira, mai hoton ƙashin baya, an ja layi daga kowane ƙashi zuwa wata cuta: wannan na hawan jini, wannan na asma, wancan na rashin haihuwa. Wannan tunani tsoho ne, tun daga wanda ya ƙirƙiro sana'ar, D.D. Palmer, a garin Davenport na jihar Iowa a Amurka a 1895. Shi ya ce ya dawo wa wani mai gadi da share gini jinsa ta hanyar danna masa baya, ya kuma ɗauka cewa yawancin cututtuka daga gocewar ƙashin baya suke. Bincike bai tabbatar da haka ba. Abin da ke da madogara shi ne ciwon ƙugu. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta ce mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu a 2020, ta fitar da jagora kan daɗaɗɗen ciwon, ta sa murɗa ƙashin baya da tausa cikin abubuwan da za a iya gwadawa, tare da motsa jiki. A jagorar nan kuma ta hana dogaro da bel ɗin ɗaure ƙugu da muke saye a kemis. Ina jin tsoron ranar da wani dattijo mai hawan jini zai karanta waccan takarda ya ajiye maganinsa.

Wuyana kuwa ban bari an murɗa ba. Ya yi tayi, ya ce zai sassauta mini kafaɗu, na ce a'a, bai matsa ba. Akwai jijiyoyin jini da ke bi ta cikin ƙasusuwan wuya suna kai jini ƙwaƙwalwa, kuma an sha samun rahoton tsagewarsu bayan murɗar wuya, har ta kai ga shanyewar ɓarin jiki. Ba kasafai hakan ke faruwa ba, amma ni wuyana lafiyarsa ƙalau, ban ga dalilin kasada ba.

Kuɗin yana da nauyi ga mai albashi. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yadda ma'aikaciyar da ke karɓar kuɗi ta dage in biya na watanni a dunƙule, wai akwai rangwame, tun ba a ga yadda jikina zai karɓi aikin ba. Na ƙi, na riƙa biyan na kowace rana. Sannan namiji ne kaɗai ke aikin a wurin, kuma aiki ne na haɗa jiki sosai, don haka mace ta tambaya tun a waya ko akwai 'yar'uwarta da za ta duba ta.

Da na lura da kyau, sauƙin da murɗar ke kawowa na 'yan kwanaki ne. Abin da ya zaunar da shi motsa jikin da ya koya mini ne: in kwanta rub da ciki in ɗaga ƙirji a kan hannu, in durƙusa in miƙa hannun dama da ƙafar hagu tare, in tashi daga kujera in taka duk bayan rabin awa, in tsaya a Kaduna in miƙe ƙafa maimakon in zarce. Duk satin da na yi sakaci da su, zafin cinyar yakan leƙo. Wani ma'aikacin sashen gashin ƙashi da muke masallaci ɗaya ya duba takardar motsa jikin ya ce kusan abin da suke bayarwa ke nan, kuma a asibitin gwamnati kuɗin bai kai haka ba. Wanda ke Kano yana da asibitin ƙashi na Dala, ya fara da can.

Yanzu ina ruku'u da sujada a sahu, zaman tahiya ne kawai har yanzu nake ɗan karkacewa. Minjiryar ta tafi. Na rage zuwa wurin, sai in ƙugun ya ƙulle bayan doguwar tafiya, kuma likitan da ya tura ni hoto ya san duk abin da ake yi mini.