Ruwan madara ko ruwan ƙasa mai haske: wanne ya dace da falo?

Hajiya, kin ce an gama filastar gidanku na Ƙofar Marusa, mai fenti ya kawo miki kala biyu, ruwan madara da ruwan ƙasa mai haske, kin rasa wanda za ki zaɓa wa falo. Dukansu suna kwantar da ido fiye da fari tas, amma halinsu a jikin bango ya bambanta.

Ruwan madara yana da ɗan rawaya a cikinsa, kuma yana mayar da haske sosai, shi ya sa ƙaramin ɗaki yake ƙara faɗi a ido idan aka shafa shi. Rauninsa shi ne ƙura. Da zarar hunturu ya shigo, za ki fara ganin dauɗa a gefen taga, da shatin hannun yara a kusa da makunnin wuta. Idan kuma tagar falon tana fuskantar yamma, ranar la'asar takan ƙara masa rawaya har ya wuce abin da kika gani a katin kala.

Ruwan ƙasa kuwa ɗan uwan ƙurarmu ne a launi, don haka yana ɓoye ta. Sai dai yana shan haske, kuma tun da yawancinmu muna sakin labule da rana saboda zafi, falo mai ƙananan tagogi zai iya yin duhu tun da azahar, musamman idan an ɗauke wuta. Wani ruwan ƙasar ma yana karkata zuwa ja-ja, wanda ba ya jituwa da tayil mai ruwan toka ko kaɗan.

Ki duba ƙwan fitilarku kafin ki yanke shawara. Wanda aka rubuta 6500K a kwalinsa farin haske yake bayarwa mai ɗan shuɗi, yana dusashe ɗumin kalolin biyu, shi kuwa mai 3000K yana fito da shi.

A ganina, falon da ke da manyan tagogi, yara da baƙi suna shiga da fita, ruwan ƙasa mai haske ya fi dacewa da shi, a bar silin fari, ruwan madara kuma a kai shi ɗakin kwana da lungun da haske bai isa ba. Ki nemi fenti mai ɗan sheƙi wanda ake gogewa da jiƙaƙƙen tsumma, amma a tabbata bangon ya yi sumul, domin sheƙi yana tona duk wani tudu da kwari.

Kafin ki sayi bokitin lita 20, ki sayi galan na lita 4 na kowace kala, a shafa hannu biyu, wato shafi kan shafi, a faɗin mita ɗaya kusa da tayil, bayan filastar ta bushe sarai. Ki dube su da hantsi, da la'asar, da kuma dare bayan an kunna fitila.