MM ko MC: wanne za ka ɗora wa hannun garmahonka?

Malam, tsakanin kan allura (ɗan akwatin da ke riƙe allura a ƙarshen hannun garmaho) na MM da na MC da ka tambaya, ɗauki MM, sauran kuɗin ka sayi ɗan sikelin auna nauyin allura.

A MM (moving magnet), ɗan ƙaramin maganaɗisu ne ke motsi a bayan allurar, naɗin waya na zaune wuri ɗaya. Wutar da yake fitarwa takan kai milibolt 3 zuwa 5, duk amfilifayar da ke da mashigar garmaho za ta karɓe shi ba gardama. A MC (moving coil) kuwa naɗin wayar ne ke motsi, kuma da yawansu ba sa wuce milibolt 0.2 zuwa 0.5. Dole ka nemo masa taransifoma ko wata na'urar ƙara ƙarfi daban, in ba haka ba ka murɗa murya har ƙarshe, hucin da za ka ji ya fi kiɗan yawa.

Ni AT-VM95E na Audio-Technica ne a kan nawa. Wata rana yaro ya kai hannu ya lanƙwasa allurar. Da yatsa biyu na zare koren bakin, na tura jan nan na VM95ML a gurbinsa, ko ƙusa ɗaya ban kwance ba, domin duk alluran jerin VM95 jiki ɗaya suke hawa. Akwai wani tsohon faifai da nake ƙauna, wanda in allura ta kusa tsakiya muryar mawaƙiyar takan yage, musamman wajen harafin "s". Ranar na ɗora shi na zauna ina jiran yagewar, har waƙa ta ƙare ba ta zo ba. Kamfanin ma ya ce irin wannan bakin yana kai kimanin awa 1,000 kafin ya cinye, na koren kuma 300.

MC na taɓa riƙe ɗaya. Sautinsa da daɗi, ba zan yi masa ƙarya ba, amma da allurarsa ta cinye sai dai a aika wa masu gyara ko a sayi sabo. Yana aljihun tebur.

Sannan akwai maganar hannu, wadda masu yabon MC ba su cika faɗa ba. Kan allura da hannu sai sun dace. Denon DL-103, da ake yi tun shekarun 1960 don gidajen rediyon Japan, robar da ke riƙe sandar allurarsa tauri gare ta, hannu mai nauyi yake so. Abin da ake nema shi ne girgizar da kan allura da hannu ke yi tare ta faɗa tsakanin Hz 8 da 12. In ta yi ƙasa da haka, faifai mai ɗan lanƙwasa ko takun ƙafa kaɗai sai ya sa allura tsalle. In ta haura, ta shiga cikin kiɗan ta ɓata amon ganga. Yawancin hannayen da ke zuwa da garmaho matsakaita ne, MM suka fi so.

Ko wanne ka saya, saiti ne rabin sautin. Tabbatar farantin da faifai ke juyawa a kai ya zauna daidai, bai karkata ba. Auna nauyi da sikeli, kada ka yarda da lambobin jikin dutsen baya, wato nauyin da ke bayan hannu: VM95E giram 2 yake so, iyakarsa 1.8 zuwa 2.2. Masu rage nauyi wai don tausaya wa faifai su ke kashe shi, allurar da ba ta zauna ba dukan gefen layi take yi. Maɓallin da ke hana hannu zamewa ciki, fara sa shi daidai da lambar nauyin. Sai takardar saiti ta Baerwald mai ɗigo biyu, milimita 66 da 120.9 daga tsakiyar faranti. Sandar allurar za ka duba ko ta miƙe da layukan, ba jikin kan ba.

Ka yi hattara da masu sayar da na hannu. Kowa cewa zai yi "kaɗan na yi amfani da shi", alhali cin allura ba a ganinsa da ido, sai da madubin ƙara girma. Wasu kuma jabun allura suke sawa a kwalin asali. In za ka sayi na hannu, yi ciniki a kan cewa jikin kawai ka saya, allura sabuwa za ka sa.