Tecno Spark 10 Pro: wayar da aka ƙera da sanin kasuwa

Idan mai gyara ya buɗe bayan Spark 10 Pro, wadda ta fito a 2023, da wuya ya ga wani babban sashe da Tecno ta ƙirƙira da kanta. Ƙwaƙwalwar wayar, Helio G88, ta kamfanin MediaTek ce na Taiwan. Manhajar Android 13 ta Google ce, sai dai an yi mata rigar da ake kira HiOS. To da me kamfanin Transsion na birnin Shenzhen, mai Tecno da Itel da Infinix, ya sha gaban Samsung a yawan wayoyin da ake sayarwa a Afirka tun 2017? Da sanin mai saye. Wannan wayar tana nuna inda sanin ya yi amfani, tana kuma nuna iyakarsa.

Zhu Zhaojiang ya kafa kamfanin a 2006, bayan ya yi aikin tallan wayoyi a ƙasashen waje wa kamfanin Ningbo Bird. Abin da ya lura da shi kowa a nan ya sani: mutum na yawo da layi biyu ko uku saboda kiran wani layin ya fi tsada, ga sabis da ke zuwa ya ɗauke. Sai suka mayar da waya mai sim biyu abin yau da kullum. A 2011 suka buɗe masana'antar haɗa waya a Habasha, suka kuma saka harsunan gida irin su Amharik da Swahili da Hausa.

Kyamara ce inda aikin nasu ya fi fitowa. Yawancin kyamarorin da an saita su ne da hotunan farar fata, shi ya sa baƙin mutum kan fito duhu, ba a ganin komai sai ido da haƙori. Transsion ta tara ɗimbin hotunan baƙar fata ta koyar da manhajarta yadda za ta auna haske a fuska. A wannan wayar kyamarar gaba mai megafiksel 32 ce, da 'yar fitila a gefenta, ta baya kuma 50. Da rana ko a ɗakin biki fuska na fita tas. Amma manhajar na wuce gona da iri: tana goge fata har ta zama kamar roba, wani lokaci ta ƙara haske fiye da launin mutum. A shiga saitin kyamara a rage gyaran fuska zuwa ƙasa, hoton ya fi kama da mai shi. Da dare kuwa, in babu fitila, megafiksel 50 ba ya hana hoto dishi-dishi.

Batirin 5,000mAh ne, yana kai mai WhatsApp da TikTok dare in bai matsa ba. Cajar wat 18 ce, kusan awa biyu kafin ta cika, wanda ba ƙaramin jira ba ne ga mai kai caji shago ko mai jiran wutar NEPA. Abin da ke kashe batirin da wuri zafi ne: caji ana kallon bidiyo, ko barin waya a gaban mota cikin zafin Afrilu. Daga nan sai ya kumbura ya ɗago murfin baya, wanda na gilashi ne.

Raunin wayar yana inda ake buƙatar bincike mai tsada. Helio G88 ba ta da 5G, ma'ajiyarta kuma nau'in eMMC ce mai jinkiri. Wannan ya sa ƙarin RAM (wurin da waya ke riƙe aikin da take kan yi) da ake talla, wai 8GB ya koma 16GB, bai kai yadda ake zuzuta shi ba: aro ake yi daga ma'ajiyar, kuma abin aro ba ya gudun na asali. Ga tarin manhajojin da ke zuwa a ciki suna turo talla. Ba kuskure ba ne, hanyar samun kuɗi ce, domin ribar jikin wayar kaɗan ce. Boomplay ma, manhajar sauraron waƙa da aka fara a Najeriya a 2015, ta gidan ce. Ranar farko a bi manhajojin nan ɗaya bayan ɗaya a kashe sanarwarsu, a goge masu goguwa. Sabunta Android kuma Samsung ta yi musu nisa.

Wajen gyara ne wayar take ramawa. Transsion na da cibiyoyin gyara masu suna Carlcare, sannan a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano gilashinta da bakin cajinta ba sa wuyar samu. A dai tambaya ko gilashin orijina ne ko kofi, don na kofi haskensa ya fi rauni, taɓawarsa kuma na gardama a gefe. Mai sayen ta hannu ya danna *#06# ya gwada lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, da ta jikin kwali, ya saka sim a ramukan biyu ya kira, ya kuma duba ko murfin baya ya fara ɗagowa kafin ya biya kuɗi.