Wasannin talabijin na Birtaniya da na Amurka: inda kowa ya yi fice da inda ya gaza

Na daɗe ina biyan kuɗin manhajojin kallo ina bin wasannin kwaikwayo masu dogon zango na ƙasashen nan biyu, kuma ra'ayina ya zauna wuri guda: idan ana maganar wasan da za ka fara ka gama ba tare da ka ji an ɓata maka lokaci ba, Birtaniya ce a gaba. Marubucin Birtaniya yakan san inda labarinsa zai tsaya tun kafin a kunna kyamara. Na Amurka sau da yawa ba shi ke yanke wannan hukunci ba, kasuwa ce.

Yawancinmu ta ƙofar Amurka muka shiga wannan harka, zamanin da ake sayen faifai guda a kasuwa a tarar da zango sukutum a ciki. Prison Break da 24 su ne suka hana gidaje da yawa barci. Zangon farko na Prison Break, wanda tashar Fox ta fara nunawa a 2005, har yau ina ganin girmansa: injiniya ya sa an ɗaure shi da gangan domin ya fitar da yayansa da aka yanke wa hukuncin kisa, taswirar gidan yarin kuma tana zane a jikinsa. Kashi 22 cur, kowanne yana jan na gaba. To amma da suka tsallake katanga, labarin da aka yi mana alkawari ya ƙare. Abin da ya biyo baya neman hanyar ci gaba ne kawai: a sake kulle su a wani kurkukun a Panama, a ƙirƙiro wata ƙungiyar asiri, wanda aka binne ya dawo da rai a 2017. Sai da aka kai kashi 90. Tamkar miyar da aka dafa wa mutum biyar ce, baƙi suka yi ta zuwa ana ƙara mata ruwa.

Laifin ba na rashin basira ba ne, tsarin samun kuɗin ne ya zo da haka. Manyan tashoshin Amurka, wato ABC da CBS da NBC da Fox, da talla suke rayuwa. A al'adarsu zango yakan fara a watan Satumba ya ƙare a Mayu, da kashi 22 ko kusa da haka, kuma a cikin awa guda wasan kansa bai fi minti 42 zuwa 44 ba, ragowar talla ce. Shi ya sa ko a waya kake kallo babu talla, za ka ji kiɗa ya tashi, allo ya yi baƙi, a dawo a maimaita maganar da aka gama yi yanzu. Gurbin talla ne aka bari. Sannan an daɗe da ɗaukar kashi 100 a matsayin mizanin da idan wasa ya kai, za a iya sayar wa ƙananan tashoshi su yi ta maimaitawa kullum, kuma a nan ribar gaske take. Wanda ke da irin wannan lissafi a gabansa ba zai bari labari ya mutu da wuri ba. Grey's Anatomy tun 2005 ake yi, ya haura kashi 400.

BBC kuwa ba ta saka talla a tashoshinta na cikin gida. Kowane gida mai kallon talabijin kai-tsaye yana biyan kuɗin lasisi duk shekara, wanda ya kai fam 174.50 a Afrilun 2025. Kuɗin ba su kai na Amurkawa ba, don haka zango yakan tsaya a kashi shida, wani lokaci uku ko huɗu, kuma ko ITV da Channel 4 masu talla sun bi wannan sawu. Ƙarancin kuɗi ya tilasta musu tsimi, tsimin kuma ya zame musu alheri.

Babu inda bambancin ya fito fili kamar House of Cards, domin labari ɗaya ne ƙasashen biyu suka yi. BBC ta nuna nata a 1990, kashi huɗu kacal, Ian Richardson yana fitowa a matsayin ɗan siyasar da aka hana muƙami ya sha alwashin rusa kowa, yana juyowa yana gaya wa mai kallo sirrinsa. Ko an haɗa da ci gaban da aka yi a 1993 da 1995, duka kashi 12 ne. Na Amurka da Netflix ta fara a 2013 ya ci kashi 73. Zango biyun farko suna da ƙarfi ƙwarai, amma a ƙarshen na biyun mutumin ya riga ya hau kujerar shugaban ƙasa. Zango huɗun da suka rage, ni dai ja nake yi ina kallo, domin abin da yake nema ya samu, babu sauran yunwar da ke tuƙa labarin.

Wasan da ya sa na tsaya a ɓangaren Birtaniya da zuciya ɗaya shi ne Happy Valley na BBC. Mace ɗaya, Sally Wainwright, ita ta rubuta shi daga farko har ƙarshe: zango uku, kashi shida-shida, a 2014 da 2016 da 2023. Labarin wata sajan ɗin 'yan sanda ce mai suna Catherine Cawood a wani kwari na Yammacin Yorkshire, tana riƙon jikanta bayan rasuwar 'yarta, mutumin da take ɗora wa alhakin mutuwar, wanda shi ne mahaifin jikan, kuma ya fito daga kurkuku. Dubi yadda aka gabatar da ita. Wani matashi ya sha ya bugu, ya zuba wa kansa fetur a filin wasan yara, da abin kunna wuta a hannunsa. Ba jiniya, ba rundunar masu sulke. Ta shiga shago ta karɓo tukunyar kashe gobara, ta matso kusa da shi tana masa hira, ta gaya masa shekarunta 47, aurenta ya mutu, tana zaune da ƙanwarta da ta daina shaye-shaye, ɗanta ba ya mata magana, 'yarta ta rasu. A cikin 'yan mintuna ka san matar nan ciki da waje, kuma ka san irin garin da take aiki. Sarah Lancashire, wadda ta fito a wannan matsayi, fuskarta ta mai gajiya ce, tafiyarta ta wadda ta wuni a tsaye. Na yarda da ita nan take.

Abin da ya fi burge ni shi ne tazarar shekara bakwai tsakanin zango na biyu da na uku. An jira yaron da ke fitowa a matsayin jikan ya girma ne, domin tambayar da ta rage a labarin ita ce me zai yi da mahaifinsa idan ya yi hankali. Da yaron ya kai, aka dawo aka amsa tambayar, aka rufe. Karon ƙarshe tsakanin sajan da abokin gabarta ma a teburin ɗakin girki aka yi shi, da baki. Ban san tashar talla da za ta ajiye wasa mai kasuwa na shekara bakwai don yaro ya yi tsawo ba.

Wannan ya kawo ni ga batun rubutu. A Amurka ɗaki guda ake tara marubuta, babba yana jagoranta, a raba kashi-kashi, domin mutum ɗaya ba zai iya rubuta awa ashirin a shekara ba. A Birtaniya an fi barin mutum ɗaya da alƙalaminsa. Jed Mercurio shi ya rubuta Line of Duty, labarin sashen da ke farautar gurɓatattun 'yan sanda, kuma ya kan zaunar da mutum huɗu ko biyar a ɗaki ɗaya da na'urar naɗar murya da tarin takardu, a shafe sama da minti ashirin ana tambayoyi. Babu harbi, babu gudu, amma ba ka iya ɗauke ido, saboda kana kallon yadda ƙarya ke warwarewa zare bayan zare. Da yake yawancin 'yan sandan Birtaniya ba sa ɗaukar bindiga, marubuci ba shi da hanyar kashe rikici cikin sauƙi. Ranar da bindiga ta fito kuwa, gabanka zai faɗi da gaske.

Duk da haka, wanda ya ce Amurka ba ta iya ba, bai kalli The Wire ba. Tashar HBO, wadda masu kallo ke biya kai-tsaye ba ta jiran talla, ta nuna shi daga 2002 zuwa 2008, kashi 60. David Simon da ya ƙirƙire shi tsohon ɗan jaridar Baltimore Sun ne, ya shafe shekaru yana bin labaran 'yan sanda. Kowane zango sai ya ɗauki wani sashe na birnin Baltimore: masu sayar da ƙwaya da masu bin su, ma'aikatan tashar jiragen ruwa, 'yan siyasa, makarantu, gidan jarida. A zango na huɗu akwai wani yaro, Dukie, wanda 'yan gidansu ke sayar da duk abin da aka ba shi don su sayi ƙwaya, 'yan ajinsu suna gudunsa saboda wari. Malaminsa, wanda dā ɗan sanda ne, ya riƙa kawo masa tufafi masu tsabta, ya ba shi damar yin wanka a makaranta kafin sauran su iso. Ƙaramin abu ne, amma saboda ka riga ka shafe zango uku kana ganin yadda unguwar ke cinye yara, ka san wannan alherin ba lallai ya ishe shi ba, kuma zuciyarka na karyewa tun kafin komai ya faru. Kashi shida ba za su taɓa yin wannan aiki ba. Haka Breaking Bad, kashi 62 daga 2008 zuwa 2013: malamin kimiyya mai ciwon dajin huhu ya rikiɗe ya zama mugu a hankali, ta yadda ba za ka iya nuna ranar da ka daina tausaya masa ba. A irin waɗannan, tsawon shi ne ƙarfin, domin masu su sun san abin da za su yi da kowace awa kuma sun tsaya da kansu. Matsalar ita ce irinsu ba su da yawa a cikin tulin da ake fitarwa.

Na Birtaniya ma suna da nasu aibin. Gajartar kan sa a tattara ƙarshe a gurguje. Kusan mutum miliyan 13 ne suka kalli kashin ƙarshe na zango na shida na Line of Duty a daren da aka nuna shi a 2021, kuma da yawa sun tashi da ƙorafi, ni ma ban ji an biya ni jiran da na yi ba. Sherlock, mai kashi 13 a tsakanin 2010 da 2017, ya fara da kaifi ya ƙare da son burgewa. Labaran kisan kai a ƙaramin gari sun yi yawa har sun fara kama da juna. Kuma kada a ɗauka Ingilishi ba su san jan labari ba, Coronation Street tun 1960 ake yin sa, sai dai wannan wani layi ne daban.

Ga mai shirin farawa, akwai abu biyu da ya kamata ya sani. Turancin arewacin Ingila da na Scotland yana da wuyar kamawa ko ga wanda ya yi karatu mai zurfi, don haka a kunna rubutun ƙasan allo, haka ma Turancin titin Baltimore. Na biyu, babu ɓangaren da za a kunna a falo da yara ba tare da an duba ba. Wasannin HBO sun fi yawan tsiraici, na Birtaniya da ake nunawa bayan ƙarfe tara na dare kuma ashar ba ta musu wuya. Ta fuskar data kuwa, a bayyane yake wanda ya fi sauƙi: duka Happy Valley, kashi 18, kusan tsawon zango ɗaya ne kacal na wasan 24.

Yanzu iyakar ma ta fara dushewa. Succession na HBO ne amma Jesse Armstrong, ɗan Birtaniya, ya ƙirƙire shi. The Crown da Adolescence aikin Birtaniya ne da kuɗin Netflix. Idris Elba da Dominic West na The Wire dukkansu 'yan Ingila ne. Amurkawa sun rage tsawon zango zuwa takwas ko goma, su kuma Ingilishi suna neman kuɗin waje don su iya gasa.

Wannan neman kuɗin wajen shi ne ke damuna, kuma Mr Bates vs The Post Office ne dalili. ITV ta nuna shi a farkon Janairun 2024, kashi huɗu, kan masu kula da ƙananan ofisoshin gidan waya sama da 900 da aka gurfanar tsakanin 1999 da 2015 bisa zargin sata, alhali manhajar lissafi ta Horizon ce ke nuna giɓin da babu shi. Wasu an ɗaure su, wasu sun rasa gidajensu, wasu sun mutu da tabon. An shafe shekaru ana rubuta labarin a jaridu ana shari'a, amma sai da mutane suka ga Toby Jones da sauran 'yan wasan a allo ƙasar ta ɗauki zafi. Kafin mako biyu Firaminista Rishi Sunak ya sanar da cewa za a yi doka, a watan Mayu kuma majalisa ta soke hukunce-hukuncen. Bayan duk wannan, shugabannin ITV sun bayyana cewa wasan ya jawo musu asarar kusan fam miliyan ɗaya, saboda labari ne na cikin gida da kasuwar waje ba ta yi rububinsa ba. Idan kamfanonin da ke kallon kasuwar duniya ne za su riƙa zaɓar abin da za a ɗauka, labarin tsohuwa mai sayar da kan sarki a ƙauyen Wales ko Hampshire shi ne zai fara faɗuwa daga jerin.