Lambar Legas ko ta Kano? Amsa ga mai ajiye mota a gida

Alhaji, tambayarka ita ce: kana aiki a Legas, ka sayi tokumbo da ba a yi mata rajista ba, za ka kai ta gidanka na Kano inda Hajiya da yara suke, kai kuma sai da sallah ko hutu kake zuwa. A ina za ka yi mata lamba, kuma wace inshora ta dace da motar da rabin shekara tana lulluɓe da tamfol?

Ni dai a ganina, ka yi mata rajista a inda take kwana, wato Kano. Ga yadda na auna biyun.

Ta fuskar doka babu wadda ta fi wata. Lambar da aka yanka a kowace jiha tana aiki a duk faɗin Najeriya, domin tsarin lambobin na ƙasa ne, Hukumar Kiyaye Haɗurra ke kula da shi, jihohi kuma su ke karɓar kuɗi su miƙa lamba da takardu. Ba wanda zai kama ka a Ojota don lambarka ta Kano ce, haka ma ɗan KAROTA, jami'in kula da zirga-zirgar ababen hawa na Kano, ba shi da hurumin tsare ka a Ƙofar Nasarawa don lambar Legas kawai. Bambancin yana wajen sabuntawa, ita kuwa duk shekara take zagayowa.

Rajistar Legas tana da daɗi a ranar farko. Kana garin, za ka je ofishin MVAA, hukumar rajistar motoci ta jihar, da ƙafarka, ka ga sunanka a takarda, ba ka aiki kowa ba. Amma tun farkon 2022 Legas ta ce ba za ta ba da takardar shaidar lafiyar mota ba sai an kai motar cibiyar gwaji an duba ta da na'ura, birki da fitilu da hayaƙi. To motar da ke Kano, tafiyar kimanin kilomita 1,000, wa zai riƙa tuƙo ta saboda takarda ɗaya? A nan ne mutane ke faɗawa hannun 'yan kamasho, wanda zai ce “kawo kuɗi, ba sai an ga mota ba”. Takardar za ta fito da hatimi da komai, ranar da aka duba ta a kwamfuta ne za a gane ko ta gaske ce.

Rajistar Kano kuwa wahalarta sau ɗaya ce. Sai ka ware kwanaki cikin hutunka, ka je ofishin lasisin mota da takardun kwastan, da rasidin sayen motar, da shaidar ko kai wane ne, a duba lambar bodi da ta inji. Daga nan duk abin da ya taso, ofis da mota suna gari ɗaya, ƙaninka ma zai iya kai ta. Ka tabbata sunanka ne da lambar wayarka a kan takardun, ko da wani ne ya yi maka zirga-zirgar. Rubuta sunan ɗan'uwa don sauƙi shi ke zama rigima ranar sayarwa ko ranar rabon gado. Sharaɗi guda ne zai sa in ce ka yi ta Legas: idan ka san nan da 'yan watanni motar za ta dawo hannunka.

Inshora ba ruwanta da jiha. Kamfanin da NAICOM, hukumar kula da harkar inshora ta ƙasa, ta ba lasisi, takardarsa na aiki daga Badagry har Daura. Babban zaɓin da ke gabanka tsakanin iri biyu ne.

Ta farko ita ce ta ɓangare na uku, wadda doka ta wajabta wa duk motar da za ta hau titi. Daga 1 ga Janairun 2023 kuɗinta ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a shekara ga motar gida, abin da za a biya na ɓarnar dukiyar wani kuma ya tashi daga miliyan 1 zuwa miliyan 3, diyyar rauni ko rasa rai kuwa daban ake biyanta. 'Yan sanda sun fara matsa lamba a kanta tun 1 ga Fabrairun 2025. Sai dai wanda aka buge take biya, taka motar ko fitila ɗaya ba za a saya mata ba. Cikakkiyar inshora ita ce ke ɗaukar motarka: haɗari, gobara, sata. NAICOM ta ce kuɗinta kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar, ke nan motar miliyan 10 za ta ci aƙalla naira 500,000 duk shekara.

Da yawa za su ce maka motar da ke ajiye ba ta buƙatar wannan. Ni tambayar da zan yi maka ita ce, da gaske a ajiye take? Mun san yadda gida yake. Makulli na ɗakin Hajiya, yau asibiti, gobe biki a Gwammaja, jibi yaron gida ya ce zai “ɗan ɗuma injin” sai ga shi a titin Zoo cikin 'yan adaidaita sahu. Idan haka ne, motar tana kan titi fiye da yadda kake zato, kuma ba kai ke riƙe da sitiyari ba. Mota mai tsada a wannan hali cikakkiyar ta fi dacewa da ita. In kuwa tsohuwa ce, ko ka tafi da makullinka Legas, akwai ta tsakiya: ɓangare na uku haɗe da gobara da sata, wadda ta fi sauƙin kuɗi kuma ta rufe abubuwa biyun da ke samun mota tana tsaye. Ka tambaya musamman ko ambaliya na ciki, ka ga layin a rubuce. Wanda ya ga motocin da ruwan madatsar Alau ya shanye a Maiduguri a Satumbar 2024 ba zai raina wannan layin ba. Batirin da ya mutu da tayar da rana ta tsattsaga kuwa daga aljihunka ne, ko wace iri ka saya.

Abin da na fi damuwa da shi shi ne fom ɗin da za ka cike. Ka faɗi gaskiyar inda motar take kwana da wanda ke tuƙa ta. Kada ka rubuta adireshin Legas alhali tana Kano. Direban ya kasance da lasisi mai rai, kuma kada wani ya yi kabu-kabu da ita a bayan idonka, domin inshorar motar gida ba ta biyan haɗarin haya. Kamfani ya fi tsananta bincike ranar biyan diyya, ba ranar karɓar kuɗi ba.

Idan zuciyarka ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba saboda addini, akwai takaful, wato inshora bisa tsarin Musulunci, irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful, suna ƙarƙashin NAICOM kuma takardarsu karɓaɓɓiya ce a shingen bincike. Ko wacce ka saya, ka biya kamfanin kai tsaye, sannan ka danna *565*11# ka sa lambar motar. Idan ba ta fito a rumbun bayanan inshora na ƙasa, wato NIID, ba, ka koma wa wanda ya sayar maka tun kafin motar ta bar gareji.

Ka kuma daidaita ranakun, lasisin mota da inshora su ƙare lokaci guda, a kuma sabunta su makonni kafin zuwanka gida. Ofisoshi a rufe suke ranakun sallah, jami'an kan titi kuwa suna bakin aiki. Allah ya sa a hau lafiya, Alhaji.