Keke da tashar jirgi a Holand: wasiƙa zuwa Sakkwato

Yaya, bayan gaisuwa da tambayar lafiyar Inna da yara, ka ce in ba ka labarin yadda ake zirga-zirga a nan Holand, tunda kuɗin kabu-kabu ya gallabe ku tun da aka cire tallafin mai a 2023.

A nan keke ne sarki. Kekunan ƙasar sun fi mutanenta yawa, kuma ba wanda ke yi wa mai keke kallon talaka. Malamin jami'a da tsohuwa mai jikoki duk shi suke hawa. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda suka haɗa keken da jirgin ƙasa. A tashar Utrecht, garin da nake zaune, akwai ma'ajiyar kekuna mai hawa uku da aka kammala a 2019, tana cin keke kusan 12,500. A kan kekenka za ka shige har ciki, ka taɓa kati a ƙofa, alluna suna nuna maka layin da ke da sarari. Ƙarafunan ajiyar sama da ƙasa ne: ka jawo na sama, ka ɗora keken, ka tura ya koma mazauninsa. Awa 24 na farko kyauta ne. Kana fitowa ga ka a bakin jirgi. In ka sauka a wani gari kuma, da kati za ka karɓi keken haya mai shuɗi da ruwan ɗorawa, suna ce masa OV-fiets, ka ƙarasa inda za ka.

Hanyar keke jan kwalta ce, da nata fitilun ba da hannu. Ta masu ƙafa daban take, har da duwatsu masu zane da makaho ke bi da sandarsa.

Ba haka suka tashi suka tarar ba. A 1971 haɗarin hanya ya kashe fiye da mutum 3,000, yara sama da 400 a ciki. Iyaye suka fito suka tsaya kai da fata, ƙarancin mai na 1973 ya zo ya ƙara wa hukuma ƙaimi.

Ba komai ne ya fi namu ba. Ɓarayin keke sun yi yawa, sai ka sa kwaɗo biyu. Tikitin jirgi da tsada, gyara ma haka. Wallahi mai facin gindin bishiya na gida ni'ima ne.

Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce kamar tasu, babu tudun da zai hana mutumin Mabera ko Arkilla taka keke zuwa babbar tashar mota. Rana ce abokiyar gabarmu. A watan Afrilu zafi na wuce digiri 40, don haka hanyar ƙafa ko ta keke da ba a jera mata dogonyaro ba, ba wanda zai bi ta. Kuma gefen titi ba zai samu ba sai an ware wa masu tebura wurin kasa kayansu, korarsu ba ta magance komai.

Ka yi wa Kawu magana, tunda yana da baki a ƙungiyar direbobi. Rumfar kwano ɗaya a bakin tasha ta isa farawa, da mai gadi amintacce da zai ba mutum lamba ya karɓi ɗan abin da ba zai yi nauyi ba, mai zuwa Tambuwal ko Illela ya dawo da yamma ya tarar da kekensa.

Ka gaida mini kowa da kowa.